Tashar Thane: Jirgin da Ke Ɗauke da Nauyin Gidajen Mumbai

Duk wanda ya buɗe tarihin jirgin ƙasa a Indiya, da sunan Thane zai fara cin karo. Ranar 16 ga Afrilu, 1853, da yammaci, jirgi mai taragai 14 ya tashi daga Bori Bunder a cikin birnin Bombay, wato Mumbai ta yau, ɗauke da baƙi wajen 400, aka harba masa igwa sau 21, ya yi tafiyar kilomita 34 ya tsaya a wannan gari da Turawa ke rubuta sunansa Tannah. Shi ne jirgin fasinja na farko a ƙasar, kuma har gobe hukumar jiragen ƙasa tana tunawa da ranar. Sai dai yawan maimaita wannan labari ya rufe wani da ya fi shi nauyi. Tashar da ta karɓi baƙi 400 a ranar biki, yanzu an ƙiyasta masu bi ta cikinta kullum sun haura rabin miliyan, kuma akasarinsu ma'aikata ne da 'yan makaranta da 'yan kasuwa da ke fita da safe su dawo da dare, a kan hanya ɗaya, shekara da shekaru. Abin da nake son kafawa shi ne aikin da tashar Thane ke yi ya wuce na sufuri. Mumbai ta kasa samar wa ma'aikatanta wurin kwana kusa da wurin aikinsu, sai ta ɗora wa jirgin ƙasa wannan kaya. Arhar tikitinsa, da yawan zirga-zirgarsa, da cunkoson da ke hallaka mutane a kansa, duk tushensu ɗaya.

Waɗanda suka shimfiɗa layin ba su da ma'aikacin ofis a ransu. Kamfanin Great Indian Peninsula Railway, wanda aka kafa a Ingila a 1849, ya samu alkawari daga kamfanin East India da ke mulkin ƙasar a lokacin cewa masu hannun jari za su riƙa karɓar kashi 5 cikin 100, ko layin ya ci riba ko ya faɗi. Burinsu su tsallake duwatsun Ghat da suka tokare bayan Bombay, su kai ga gonakin auduga na cikin ƙasa, su kuma samu hanyar kai soja da gaggawa. Thane tsohon gari ne, Marco Polo ya ambace shi, ya bi ta hannun Turawan Fotugal da masarautar Maratha kafin Turawan Ingila su karɓe shi a 1774, amma ba tsufansa ya sa jirgin farko ya tsaya a can ba. Nan tsibirin Salsette ya ƙare, ruwa ya tare gaba. Da aka gama gadar da ta haye mashigin, a watan Mayun 1854 layin ya wuce Kalyan, a 1863 ya hau dutsen Bhor ya nufi Pune, a 1865 ya hau na Thal ya nufi arewa maso gabas. Abin ya zo daidai da yaƙin basasar Amurka, wanda ya yanke wa masaƙun Lancashire audugar da suka dogara da ita, Bombay kuwa ta cika da kuɗi. Mai karatu a Kano ko Zariya ya san irin wannan lissafi, domin layin da ya iso Kano a 1911 shi ma da begen auduga aka shimfiɗa shi, gyaɗa ta zo ta ƙwace shi. A duka wuraren biyu kaya ne manufa, ɗaukar mutane kuwa ƙari ne. A Bombay dai ƙarin ne ya girma har ya danne manufar.

Juyin bai zo rana ɗaya ba. Annobar da ɓeraye suka yaɗa a Bombay a 1896 ta kori jama'a masu ɗimbin yawa daga cikin birni, ta kuma koya wa masu mulki cewa cusa ma'aikata a ɗakunan haya na kusa da masaƙu haɗari ne ga kowa, har da su. A shekarun da suka biyo baya aka mai da layin huɗu, a 1916 aka huda dutsen Parsik da ke gaba da Thane domin jirage masu sauri su yanke hanya zuwa Kalyan. Abin da ya fi komai tasiri kuwa shi ne lantarki. Ranar 3 ga Fabrairu, 1925, jirgin lantarki na farko a Indiya ya tashi daga tashar Victoria zuwa Kurla, kafin 1930 kuma waya ta wuce Thane ta kai Kalyan. Ya kamata a tsaya a kan dalilin, don a nan sirrin kowace tashar bayan gari yake. Jirgin kwal yana da nawar tashi. In ya tsaya sai ya ɗauki lokaci kafin ya sake kama gudu, in ya kai ƙarshen hanya sai an kwance kansa an zagaya da shi. Jirgin lantarki kuwa injinansa a rarrabe suke a ƙarƙashin taragai, yana tashi da sauri yana tsayawa da sauri, ga mazaunin direba gaba da baya, don haka yana shiga tasha ya juya cikin 'yan mintoci. Wannan ya sa ake iya tsayawa a kowace ƙaramar tasha ba tare da tafiyar ta cinye hantsi ba, ake kuma iya jera jirgi bayan jirgi a kan layi ɗaya. Magidanci ba zai kwashi iyalinsa ya kai su nisan kilomita 34 daga wurin aikinsa don akwai jirgi biyu a rana ba. Zai yi hakan ne in ya tabbata idan wannan ya wuce shi, wani na tafe kafin ya gama shan shayi.

Sauran aikin tsadar gida ce ta ƙarasa shi. Tsohuwar Bombay siririya ce, teku ta kewaye ta gefe uku, ofisoshi da bankuna da kotuna da tashar jiragen ruwa duk sun taru a ƙuryar kudu. Fili ya yi kaɗan tun asali, dokoki kuma suka ƙara matse shi. Dokar haya ta 1947 ta daskarar da kuɗin haya a kan na shekarar 1940. Wanda ke ciki ya samu kariya, masu gidaje kuwa suka daina gyara, suka daina gina na haya. Daga 1964 aka ƙayyade yawan ginin da za a iya ɗorawa a kan fili, aka sa shi ƙasa ƙwarai idan aka gwada da na manyan birane irinta. Dokar 1976 da ta iyakance filin da mutum zai mallaka a birni, wadda aka yi da sunan talaka, ta ƙare da kulle filaye a kotuna da ofisoshi har jihar Maharashtra ta soke ta a 2007. Kowace daga cikinsu da kyakkyawar niyya aka yi ta, amma haɗuwarsu ta bar wa sabon zuwa zaɓi biyu kawai: ya kafa bukka a unguwar marasa galihu kusa da aiki, ko ya bi layin dogo ya yi ta tafiya har inda kuɗinsa zai kama ɗaki. Thane ta samu nata masana'antu, masaƙar ulu ta Raymond tun 1925 da rukunin masana'antu na Wagle a farkon shekarun 1960, amma bunƙasarta mai ban mamaki ta zo ne a shekarun da suka biyo bayan yajin aikin masaƙun Bombay na 1982, wanda ya karya sana'ar saƙa ya watsa iyalai bayan gari. Ƙidayar 1991 ta samu mutum wajen 800,000 a Thane, ta 2001 miliyan 1.26, ta 2011 miliyan 1.84. Wanda ita ma Thane ta fi ƙarfin aljihunsa sai ya ƙara gaba: Kalwa, Mumbra, Diva, Dombivli, har Badlapur da Titwala.

A yau tashar tana ƙarƙashin shiyyar Central Railway, wadda aka kafa a 1951 a kan gadon tsohon kamfanin, kuma tana da dandamali 10. Jiragen gari, waɗanda kowa ke kira lokal, iri biyu ne. Mai tsayawa ko'ina yana kai mutum babbar tashar Chhatrapati Shivaji Maharaj, wato tsohuwar Victoria, cikin kusan awa ɗaya. Mai sauri yana tsallake ƙananan tashoshi, ya tsaya a irin su Ghatkopar da Kurla da Dadar, ya rage wajen minti 15. Suna farawa tun wajen ƙarfe huɗu na asuba, ba sa tsayawa sai bayan tsakar dare. Allon sanarwa da haruffa yake magana, T na nufin Thane, K Kalyan, S Karjat, N Kasara, kuma ɗan gari yana karanta shi da wutsiyar ido yana gudu. Kasara tana nisan kilomita 121 daga babbar tasha, amma duk da haka a cikin jiragen gari ake lissafa nata, wanda kaɗai ya isa ya nuna inda aka tura mutane. Shiyyar Central ita kaɗai tana gudanar da zirga-zirga wajen 1,800 a rana, duka layukan Mumbai kuwa wajen 3,000, suna ɗaukar mutum miliyan 7 da wani abu. Ban da lokal, jiragen nesa masu zuwa Pune da Nashik da gaɓar Konkan da arewacin ƙasar da yawansu suna tsayawa a Thane, sa'an nan dandamali na 9 da na 10 na layin da ke ƙetarawa Navi Mumbai ne. Abu mafi daraja a tashar shi ne jirgin da ke fara tafiyarsa daga Thane, domin shi kaɗai ke zuwa wayam, shi kaɗai mutum ke sa ran samun wurin zama a cikinsa.

Cikin jirgin ma a rabe yake: aji na ɗaya, aji na biyu, sashen masu kaya inda 'yan kayan miya da masu kifi da masu kai abincin rana ofisoshi ke shiga, da sashen naƙasassu da masu fama da cutar daji. Akwai kuma taragan mata, kuma tun 1992 ake da jirgi sukutum na mata zalla tsakanin babbar tasha da Kalyan. Ana yawan ambaton wannan kamar wani abin ado, alhali yana cikin manyan hidimomin layin, domin a irin wannan matsi mata da yawa ba za su fita aiki ba, iyaye da yawa ba za su bar 'ya'yansu mata su je kwaleji a cikin birni ba, in da babu inda za su tsaya su kaɗai. A wajen tasha, ta ɓangaren yamma, an ɗaga wani faffaɗan dandali a 2009 domin motocin bas na gari su hau sama, babura masu ƙafa uku irin namu na A Daidaita Sahu su zauna ƙasa. Ya rage hargitsi, amma garin ya riga ya miƙe tsawon titin Ghodbunder, har mazaunin can yakan ɓata lokaci wajen isa tasha kusan daidai da wanda zai yi a cikin jirgi.

Farashi ne ya ɗaure wannan duka. Tikitin aji na biyu daga Thane zuwa babbar tasha rupi 15 ne, mafi ƙanƙanta kuma rupi 5. Tikitin wata ana lissafa shi a kan kuɗin tafiya kusan 15, alhali ma'aikaci yana yin tafiya wajen 50 a wata, zuwa da dawowa, wato abin da yake biya bai kai sulusi ba. Kuɗin kowace kilomita kuma raguwa yake yi in tafiya ta yi nisa, don haka gwargwadon nisan da mutum ya yarda a tura shi, gwargwadon rangwamen da zai samu. A watan Yunin 2014 gwamnatin tarayya ta yi yunƙurin ninka tikitin wata, ta mai da lissafinsa tafiya 30. Cikin 'yan kwanaki ta janye, ga zaɓen jiha na ƙaratowa. Masu sharhi sun kira wannan tsoron ƙuri'a, kuma da gaskiyarsu, amma tsoron yana da dalili. Rangwamen tikiti shi ne kuɗin gidan da birni bai gina ba. Kuma ba fasinja kaɗai ke cin moriyarsa ba. Bankin da ke Nariman Point yana samun akawu, asibiti yana samun nas, mai gida a Malabar Hill yana samun direba da mai gadi, a kan albashin da ba zai kama ko lungu a unguwar ba, saboda akwai jirgin da ke kawo su da safe ya mayar da dare kusan kyauta. Da aka tsayar da lokal a watan Maris na 2020 saboda korona, kafin wata uku su cika sai da aka dawo da shi domin ma'aikatan asibiti da na hukuma, tunda babu wata hanyar da za ta iya kawo su.

Abin da ba a biya da kuɗi ana biyansa da jiki. A zamanin jirage masu taragai 9, wanda aka tsara don mutum 1,700 yakan ɗauki fiye da 4,500 a lokacin fita aiki, har hukumar ta ƙirƙiro wa wannan hali suna a takardunta, ta ƙiyasta mutum 14 zuwa 16 a tsaye a kan murabba'in mita ɗaya. An ƙara taragai zuwa 12, wasu 15, jama'a ma suka ƙaru. Alƙaluman 'yan sandan jirgin ƙasa sun nuna mutum 2,590 ne suka mutu a kan layukan Mumbai a 2023, wato wajen bakwai kullum, kuma a 2024 hukumar da kanta ta shaida wa Babbar Kotun Bombay cewa cikin shekara 20 an rasa rayuka fiye da 51,000. Yankin Thane zuwa Kalyan yana cikin waɗanda suka fi muni, kuma dalilin a bayyane yake. Jirgin da ya taso daga Karjat ko Kasara ya cika tun kafin ya iso Dombivli, mutanen Diva da Mumbra da Kalwa ba su da abin da ya rage musu sai bakin ƙofa. Sa'an nan tun da aka buɗe layin Thane zuwa Vashi da ke Navi Mumbai a watan Nuwamban 2004, duk mai zama ɓangaren Kalyan da ke aiki a Navi Mumbai dole ya sauka a Thane, ya hau gadar ƙafa, ya gangara wani dandamali. Tashar ta zama kamar mazurari, ana zuba mata daga baki uku ƙasanta ɗaya.

Hujja ta farko da ake kawowa a kan wannan fahimta ita ce laifin na fasinja ne. Mafi yawan mace-macen na masu tsallaka layi ne da ƙafa, ba na masu faɗowa ba, kuma akwai samari da ke lilo a bakin ƙofa don burga ko da akwai wuri a ciki. Wannan gaskiya ne, babu amfanin musa shi. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutane suna tsallaka layi ne inda unguwanni suka manne da shi hagu da dama, gada kuma ta yi nisa ko ta cika, su kuwa unguwannin rashin gida ne ya kafa su a wurin. Wanda ya bi doka ya hau gada ma bai tsira ba: mutum 23 da suka mutu a turmutsitsin tashar Elphinstone Road a watan Satumban 2017 a kan gadar suka mutu. Ranar 9 ga Yuni, 2025, kusa da Mumbra, jirage biyu suka gifta juna a kan kwana, waɗanda ke maƙale a bakin ƙofa suka zubo, mutum huɗu suka rasu a ranar. Ma'aikata ne da ke hanyar aiki da safe. Bayan nan hukumar ta ce sabbin jirage za su zo da ƙofofi masu rufe kansu, kuma hakan daidai ne, sai dai a san me ƙofa ke yi. Tana hana faɗuwa, tana kuma rage yawan waɗanda jirgi zai ɗauka, ta ƙara daɗewarsa a tasha. In ba a ƙara jirage ba, waɗanda ke maƙale a ƙofa jiya za su taru a kan dandamali gobe.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, kuma masana tattalin arziki ne ke kawo ta. Sun ce arhar ce cutar: lokal asara yake jawo wa hukumar, abin da ba ya kawo kuɗi kuwa ba a zuba masa jari, don haka fasinjan da ya ƙi ƙarin rupi biyar shi ya hana kansa sabon layi. Akwai gaskiya a ciki. Farashin da ya daskare shekaru alhali albashi da lantarki suna hawa ba abin alfahari ba ne, kuma ƙari kaɗan-kaɗan da ke bin tsadar kaya ba zai kashe kowa ba. Inda hujjar ta karkace shi ne zaton cewa farashi zai rage cunkoso, ko kuma tikiti ne zai gina layi. Mai aikin ƙarfe tara ba ya fasa zuwa don tikiti ya yi tsada. Ko dai ya rage cefane, ko ya dawo da iyalinsa bukkar bakin layi. An ma gwada abin a aikace. Jirgi mai na'urar sanyaya iska ya fara aiki tsakanin Thane da Panvel a watan Janairun 2020, daga baya ya hau babban layi, kuɗinsa ya ninka na aji na biyu sau da yawa. Tunda layi yana da iyakar jiragen da zai ɗauka a awa, duk mai sanyi da aka saka a gurbin na talaka ya ƙwace wa wani jirgi ke nan. A watan Agustan 2022 mutanen Kalwa, waɗanda suka saba hawa jiragen da ke fitowa wayam daga garejin da ke garinsu, suka tare layi, na Badlapur ma suka yi bore, har hukumar ta janye zirga-zirga 10 na masu sanyin. Game da jari kuwa, manyan ayyukan da aka yi tun daga 2002 da kuɗin gwamnatin tarayya da na jiha da rancen Bankin Duniya aka yi su. Misalin da ya fi dacewa yana ƙetaren mashigi: hukumar CIDCO da ta gina Navi Mumbai ita ta ɗauki kashi 67 cikin 100 na kuɗin layukan can, domin ita ke da filayen da layin zai ɗaga wa daraja. Masu filaye da masu gine-gine a kewayen tashar Thane sun ci irin wannan riba shekaru da dama, kuma kafin a taɓa aljihun mai tikitin wata ya kamata a tambayi nawa daga cikinta ta koma kan layin.

Hujja ta uku ita ce wadda na fi ɗauka da muhimmanci, domin daga cikin maganata ta fito. Idan jirgi mai arha ne ya ba birni damar korar ma'aikatansa nesa, to ƙara layi ƙara kora ne: kowane sabon layi zai buɗe sabuwar Badlapur, cikin shekara goma ya cika, a koma gidan jiya. Rabin wannan haka yake, kuma tarihin da na zayyana shi ne shaidarsa. Layin da duk ya nufi ƙuryar kudu ba zai taɓa isa ba. Amma Thane ɗin ce ta nuna ɗaya rabin. An tsara Navi Mumbai tun farkon shekarun 1970 don ta janye jama'a da ayyuka daga tsohon birni, ta yi ta jan ƙafa har sai da jirgi ya haye gadar Vashi a 1992. Layin da ya tashi daga Thane a 2004 bai nufi ƙuryar kudu ba, gefe ya yanka, ya bi ta Airoli da Rabale da Ghansoli, inda yanzu ofisoshin kamfanonin kwamfuta da na sadarwa suka cika. Dubban mutanen da ke sauya jirgi a Thane kowace safiya, waɗanda su ne ke cika gadojinta, mutane ne da ba sa zuwa Dadar ko Victoria kwata-kwata. Ke nan layin dogo yana iya rarraba ayyuka kamar yadda yake rarraba gidaje, ya danganta da inda aka nufa da shi. Masu cewa a bar dogo a faɗaɗa titi kuwa lissafi kaɗai ya ishe su amsa: jirgi mai taragai 12 yana ɗaukar fiye da mutum 3,000, layi ɗaya yana wuce da wajen 15 a awa, hannun titi ɗaya kuwa da ƙyar yake wuce da mota 2,000.

Abin da ya rage shi ne saurin aiki, kuma a nan ne hukumomi ba su da mafaka. Jiragen nesa da lokal masu sauri sun daɗe suna rabon layi ɗaya, jirgin da ya makara daga arewa ya riƙe dubban ma'aikata a bayansa. Maganin sananne ne, layi na biyar da na shida. Na Kurla zuwa Thane an gama shi a 2011. Na Thane zuwa Diva, wanda bai kai kilomita 10 ba, an amince da shi a 2008, ba a buɗe shi ba sai a watan Fabrairun 2022, shekara 14 ke nan, a yankin da jama'arsa ke ƙaruwa kowace damina. Ba wai ba a iya aiki da sauri ba ne in an ga dama: a ƙarshen Mayun 2024 an rufe wani ɓangare na tashar awa 63, aka matsar da layi, aka faɗaɗa dandamali na 5 da mita biyu zuwa uku, ranar Litinin mutane suka hau. Ana gina sabuwar tasha tsakanin Thane da Mulund, ana gina layin metro a saman titi da zai bi ta Ghodbunder, a 2024 kuma aka amince da wani mai kilomita 29 da zai zagaye garin.

Aikin da ya fi kowanne dacewa da ciwon tashar shi ne ɗan gajeren layi a sama tsakanin Kalwa da Airoli, wanda zai ba jiragen ɓangaren Kalyan damar wucewa Navi Mumbai kai tsaye ba tare da kowa ya sauka a Thane ba. An amince da shi a 2016. Kashin farko, tashar Digha Gaon, an buɗe ta a watan Janairun 2024. Sauran kuwa har zuwa 2025 yana tsaye, domin hanyar ta bi ta kan gidajen ɗaruruwan iyalai a unguwannin Kalwa, su kuma sun ƙi tashi zuwa wuraren da aka nuna musu, suna neman a sake tsugunar da su a nan kusa, inda za su iya takawa da ƙafa su hau jirgi.